Ina haddace kalmomin Turanci amma ba na iya amfani da su: ina matsalar take?

Tambaya: Wani matashi mai shirin rubuta jarrabawar JAMB ya ce: "Malam, kullum ina haddace sababbin kalmomin Turanci ashirin daga ƙamus, ina rubuta ma'anarsu da Hausa a gefe. Littafina ya kusa cika. Amma in na zo magana ko rubutu ba sa zo mini, in kuwa na yi ƙarfin hali na saka su a jimla sai malami ya ja musu jan biro. Ko ƙwaƙwalwata ce ba ta ja?"

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka kwantar da hankalinka, ƙwaƙwalwarka lafiyarta lau. Yaron da zai zauna kullum ya kwashi kalmomi ashirin ba rago ba ne, ba kuma daƙiƙi ba. Hanyar da ka biyo ce ba ta kai mutum inda kake son zuwa, kuma na daɗe ina ganin ɗalibai masu himma irinka suna shan wahala a kanta, abin yana damuna ƙwarai. Abin da kake tarawa a littafin nan fassara ce. Fassara tana da amfani, amma ba ita ce sanin kalma ba. Hausawa sun ce sanin hali ya fi sanin kama. Kai ka san kamannin kalmomin nan, ka gan su ka gane su, amma ba ka san halinsu ba: da wace kalma suke tafiya, me ke bin bayansu, a wane wuri ake faɗarsu, a gaban wa kuma ba a faɗarsu.

Mu fara da Hausar da ka sha a nono, domin a nan ne abin zai fito maka fili. In ka shiga maƙwabta ka karɓo guga za ka mayar, aro ka yi. In ka karɓi naira dubu biyar za ka biya ƙarshen wata, rance ka yi. Hausa tana duba abin da aka karɓa ne: shi ɗin kansa za a dawo da shi, ko madadinsa? Turanci ko a jikinsa da wannan bambanci. Guga ne ko kuɗi, duk ɗaya ne a wurinsa. Abin da yake dubawa shi ne daga hannun wa abin ya fito, hannun wa ya shiga. Mai karɓa shi ke yin "borrow", mai bayarwa shi ke yin "lend". Mu kuwa wannan rabon a jikin aikatau muke yin sa: na ari littafi, na ara masa littafi, na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. To ɗalibin da ya rubuta "borrow" ya sa "ara" a gefe bai yi ƙarya ba, amma ranar da zai nemi biro a aji zai ce "borrow me your biro", domin a kansa "ara mini" yake fassarawa. Daidai shi ne "lend me your pen", ko "can I borrow your pen?" Kuma "borrow" da "from" take tafiya, "lend" da "to". Duk wannan babu ko ɗaya da zai shiga layi guda na fassara, amma shi ne ainihin sanin kalmar.

Haka abin yake ko'ina ka duba. Kalmar "ji" ita kaɗai tana ɗauke da aikin kalmomin Turanci kamar biyar: ka ji magana "hear", ka ji zafi "feel", ka ji wari "smell", ka ji ɗanɗano "taste", ka ji Hausa "understand" ko "speak". Daga nan "I am hearing smell" ta samo asali. "Sha" ma haka: ruwa ne kawai da danginsa ake yi wa "drink", magani "take" ake yi masa, mangwaro "eat", taba "smoke". Baƙo kuwa a wurinmu mutum ɗaya ne, ko kawunka ne ya zo daga Damagaram ko wani ne da ba ka taɓa gani ba. Turanci ya raba su: wanda ka sauka ka karrama "guest" ne, mai ziyara "visitor", shi kuwa "stranger" wanda ba a sani ba ne, har da ɗan ƙanshin a yi hattara da shi. Ka ga wanda ya ce "we have strangers in our house" yana nufin 'yan'uwansa sun zo bikin suna, Bature zai ɗauka wasu ne suka faɗo masa gida.

Ta ɗaya gefen kuma, Turanci yana da nasa kalmomin masu ɗaukar kaya da yawa. Ka rubuta "run" ka sa "gudu", ka wuce. Sai ka buɗe jarida ka ga "she runs a pharmacy", wato ita ke tafiyar da kantin magani. "He will run for governor", wato zai tsaya takara. "We have run out of fuel", wato man ya ƙare mana. "The tap is running", famfo na zuba. Ba ko ɗaya da ya shafi gudu da ƙafa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe. Ka daina farautar manyan kalmomi. Na san abin da ke jan matasa zuwa gare su: a wurinmu wanda ya zuba dogon Turanci shi ake wa kallon mai ilimi. Amma ƙarfin Turanci a ƙananan kalmomin yau da kullum yake, irin su "get", "take", "make", "put", "keep", "turn", "set". Wanda ya san "take" ta fuskoki goma ya fi wanda ya haddace kalmomi goma masu gaɓa biyar-biyar da ba zai sake haɗuwa da su ba sai shekara ta zagayo.

Ba ra'ayina ba ne kawai, an ƙirga. Wani malamin Turanci, Michael West, wanda ya daɗe yana koyarwa a yankin Bengal na Indiya ta wancan zamani, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 a shekarar 1953, waɗanda suka fi yawo a harshen. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa kalmomi 2,000 mafi yawan amfani suna ɗauke da kimanin kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum, a hira ta baki ma sun fi haka. Gidan rediyon Muryar Amurka ya fara wani shiri a 1959 na karanta labaran duniya da sauƙaƙƙen Turanci, da kalmomi kusan 1,500 kacal, kuma da su aka riƙa ba da labarin yaƙi da siyasa da kimiyya. Wannan shi ne tushen da ya kamata ya fara zama daram. Bayan shi ana ci gaba da gini: Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba yana bukatar dangin kalmomi 8,000 zuwa 9,000, mai sauraro kuwa 6,000 zuwa 7,000. Tafiyar da nisa, amma tana da tsari: a fara da mafi yawan amfani, a gangaro. Wanda ya buɗe ƙamus yana kwasar duk abin da ya burge shi ya bar farko ya kama ƙarshe.

Ka lura na ce dangin kalmomi. "Decide", "decision", "decisive", "undecided" dangi ɗaya ne, kamar yadda karanta, karatu, makaranta da makaranci suke a wurinmu. In ka kama ɗaya, ka jawo 'yan'uwanta tare, ka ga kowace inda take zama a jimla.

Yanzu ga maganar jan biron malaminka. Na tabbata yawancin kalmomin da ya ja wa layi ba ma'anarsu ka kuskure ba, abokan tafiyarsu ka musanya. Masanin harshen nan na Ingila, J. R. Firth, ya faɗa tun 1957 cewa ana sanin kalma ne ta waɗanda take zama da su. Kai ma shaida ne a Hausa. Ba wanda ya taɓa zaunar da kai ya ce maka amana cinta ake yi ba shanta ba, ko jarrabawa ana cinta, wahala kuwa ana shanta. Amma in wani ya ce "ya sha amanata" kunnenka zai ƙi karɓa nan take. To Turanci ma cike yake da irin wannan auren kalmomi, kuma ba shi da wani dalili da za a zauna a yi lissafinsa. Ruwan sama mai ƙarfi "heavy rain" ne, iska mai ƙarfi kuwa "strong wind". Kuskure "make a mistake", aikin gida "do homework", alhali mu "yi" ɗaya muke sa musu duka. Laifi "commit a crime", mayar da hankali "pay attention", cika alkawari "keep a promise", faɗin gaskiya "tell the truth". Saboda haka kada ka sake rubuta "mistake" ita kaɗai a littafinka. Rubuta "make a mistake". Kada ka rubuta "interested", rubuta "interested in farming". Guntun magana ake haddacewa, domin da guntayen magana ake yin zance. Wanda ya adana su a haka, in ya buɗe baki a haɗe suke fitowa, ba sai ya tsaya yana ɗinka su ɗaya bayan ɗaya ba.

Akwai kuma ɗabi'ar kalma ta fuskar nahawu, wadda ita ma ke cinye wa ɗalibai maki. Mu muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, muna jam'anta su hankali kwance. A Turanci "advice", "information", "furniture", "equipment", "luggage" ba a ƙirga su, ba sa karɓar "s" a ƙarshe, ba sa karɓar "a" ko "an" a gaba. In kana nufin guda ɗaya sai ka ce "a piece of advice". Muna cewa mun tattauna a kan matsala, sai hannu ya rubuta "discuss about the problem", alhali "discuss" ba ta bukatar "about". "Listen" kuwa, in za a ambaci abin da ake saurara a bayanta, ba ta tafiya sai da "to". "Enjoy" tana son aikatau mai "ing" a bayanta, "want" tana son "to". Waɗannan ba dokoki ne da za ka haddace daban ba, halin kowace kalma ne, tare da ita ake koyon sa.

Sai nauyin kalma. A nan nake so ka yi tunani sosai, domin nan ne JAMB ta fi kama mutane a tambayoyin nan na kalmar da ta fi kusa a ma'ana da kuma kishiya. Akuya ta mutu. Ba a cewa ta rasu. Mutum ya rasu, ko ya riga mu gidan gaskiya. Wafati kuwa ga annabawa da manyan bayin Allah ake faɗarsa. Wanda ya ce wane ya sheƙa, ya nuna bai damu da mamacin ba. Abu ɗaya ya faru, amma kowace kalma da mazauninta. Haka "die" da "pass away" da "kick the bucket" suke, kuma wanda ya sa ta ƙarshen a wasiƙar ta'aziyya ya yi ɓarna babba ko da nahawunsa bai karye ba. "Famous" sananne ne, "notorious" sananne da mugun abu. "Slim" yabo ne, "skinny" kusan zagi. "Childlike" tsarkin zuciya irin na yaro, "childish" shirme irin na yara. "Thrifty" mai tattali, "stingy" marowaci. Ƙamus na fassara yana iya ba ka kalmar Hausa ɗaya ga kowane biyun nan, ya bar ka cikin duhu.

Tarihi ma ya sa hannu a nan. A shekarar 1066 mutanen Normandi daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a tsawon ƙarnuka, ga kuma Latin na coci da makaranta. Shi ya sa Turanci yake da kalmomi bibbiyu ga abubuwa da yawa: ta gida da ta fada. "Begin" da "commence", "buy" da "purchase", "help" da "assist", "ask" da "enquire". Ta farkon ita ce ta hira da yawancin rubutu, ta biyun ta takardar ofis ce da taron hukuma. Ɗalibanmu sukan ɗauka ta biyun ta fi daraja a ko'ina, sai ka ji mutum ya ce zai "purchase" ƙosai. Gwani shi ne wanda ya san lokacin kowace.

To da wane ƙamus za a koyi duk wannan? Ba kowane ba. Akwai ƙamus da aka yi wa 'yan harshe, akwai wanda aka yi wa masu koyo, kai na biyun kake bukata. Wanda ya fi shahara a makarantunmu shi ne Oxford Advanced Learner's Dictionary. Asalinsa wani malami ne, A. S. Hornby, da ya koyar da Turanci a Japan, ya ga ɗalibansa suna gane ma'ana amma ba sa iya gina jimla, wato irin ciwonka sak. Aka fara buga aikinsa a Tokyo a 1942, sannan Oxford ta fitar da shi a 1948. Akwai na Longman, wanda ya fara fitowa a 1978, yana bayanin kowace kalma da sauƙaƙan kalmomi kusan 2,000. Akwai na Collins COBUILD na 1987, wanda John Sinclair da abokan aikinsa suka gina a Jami'ar Birmingham ta hanyar zuba miliyoyin kalmomi na ainihin rubutu da magana a kwamfuta, suka duba yadda mutane ke amfani da kowace kalma da gaske. Duka ukun, har da na Cambridge, ana iya duba su a intanet kyauta ta waya, tare da jin yadda ake furta kalmar.

Mallakar ƙamus daban, iya karanta shi daban. Yawancin ɗalibai ma'ana ta farko suke karantawa su rufe. Kai ka gangara har ƙasa, ka nemo ma'anar da ta dace da jimlar da ka tsinci kalmar a ciki. Ka duba ɗan harafin C ko U da ke gaban suna, shi ke gaya maka ana ƙirga shi ko ba a ƙirgawa. Ka duba ko an rubuta "formal", "informal" ko "disapproving", nan nauyin kalmar yake. Ka duba alamar mabuɗi a na Oxford, wadda ke nuna kalmar tana cikin 3,000 mafi muhimmanci. Fiye da komai, ka karanta jimlolin misali da ƙarfi. A ganina jimlolin nan sun fi bayanin ma'anar kansa amfani.

Ban ce ka yar da Hausa ba, kada ka fahimce ni a karkace. Akwai malaman da ke hana ɗalibi ko tunanin harshensa, ni ban yarda da su ba. Ga abu kamar "needle" ko "donkey", ka ce allura, ka ce jaki, an gama, kuma fassara ita ce hanya mafi sauri ta kama ma'anar farko. Muna da ƙamus masu kyau: na Neil Skinner na Turanci da Hausa, da na Roxana Ma Newman na 1990, wanda nake yabawa domin yana rarraba ma'anonin kalmar Turanci ɗaya-ɗaya da misalai. Ka kama ma'ana da Hausa, sannan ka je ƙamus na masu koyo ka ga yadda ake sarrafa ta. Manhajar fassara ta waya kuwa, in ka ba ta kalma tilo, kalma tilo za ta mayar maka, ka koma gidan jiya.

Littafinka da ya kusa cika kada ka jefar. Ka bi shi da biro, ka yi wa kalmomin da ka taɓa gani a wani wuri ban da ƙamus alama, su za ka fara raya wa. Sabon shafi kuwa ya zama haka: kalmar, jimlar da ka same ta a ciki, abokan tafiyarta biyu ko uku, danginta, sannan jimla taka ta kanka a kan rayuwarka. Wannan ta ƙarshen ita ce ba a tsallakewa. "My uncle lent me his motorcycle on Friday" za ta zauna maka fiye da kowace jimlar littafi, domin ka san kawun, ka san babur ɗin. A irin wannan aiki, kalmomi biyar zuwa bakwai a rana sun isa. Ka ga kamar ka rage, amma biyar da suka zauna kullum sun haura 1,800 a shekara.

Maganar mantuwa kuma, halitta ce. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa ya wallafa sakamakon a 1885: mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a sa'o'in farko da ranar farko, daga nan zubewar ta riƙa raguwa. Maganinta maimaici mai tazara: ka koma wa kalmomin yau gobe, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Duk wanda ya yi hadda a makarantar allo ya san haka, hadda ba tilawa ba ta zama. Kuma maimaicin ba kallon shafi ba ne. Ka rufe amsar, ka tilasta wa kanka ka tuno, ka faɗi jimla da kalmar, sannan ka buɗe ka duba. Wannan ɗan wahalar tunowa ita ke kafa kalmar. Ana yi da guntayen kwali, kalma a gaba jimla a baya, ana kuma yi da manhaja irin Anki wadda ke tsara maka ranakun da kanta. Kwalin ma ya wadatar.

Duk da haka, littafi da kwali ba za su kai ka dubu takwas ba. Karatu ne zai kai ka, mai yawa, mai sauƙi. Kalma ba ta zama taka sai ka yi ta karo da ita a wurare daban-daban, kowace haɗuwa tana ƙara maka wata fuska tata. Amma akwai sharaɗi: binciken su Nation ya nuna mai karatu yana bukatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimta cikin sauƙi, wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin hamsin. In ka buɗe shafi ka tarar kowane layi da baƙuwa biyu, littafin ya fi ƙarfinka yanzu, ajiye shi ba abin kunya ba ne. Ka nemi littattafan da aka sauƙaƙa mataki-mataki, irin jerin Oxford Bookworms, ko tsofaffin labaran Pacesetters da har yanzu ake samu a wurin masu sayar da littattafan hannu. Ga wata dabara da ke hannunka kyauta: ka karanta labarin yau a Aminiya ko shafin BBC Hausa, ka gane abin da ya faru, sannan ka nemi labarin nan a Daily Trust. Tunda ka riga ka san zancen, hankalinka zai koma kan yadda aka faɗe shi: yadda ake cewa majalisa ta amince da kasafi, kotu ta ɗage shari'a, farashi ya tashi. In kana karatu kada ka tsaya a kowace baƙuwar kalma. Ka yi hasashe daga abin da ke kewaye da ita, ka wuce. In ta sake fitowa karo na biyu ko na uku, to ta cancanci ƙamus.

Ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya suna taimakon hasashen nan: "un", "dis", "mis", "re" a gaba, "less", "ful", "ment", "tion" a baya. Sai dai a yi hattara. "Priceless" ba marar daraja ba ne, abin da ya fi ƙarfin kuɗi ne. "Invaluable" ma mai matuƙar amfani ne. "Inflammable" kuwa mai saurin kama wuta ne, ba kishiyarsa ba, kuma masu shirya jarrabawa sun san da waɗannan sarai.

Kunne ma da rabonsa. Kalmar da ba ka san furucinta ba, ba za ta zo maka a magana ba, ko an faɗe ta a gabanka ba za ka gane ta ba. Mu Hausawa sai mun kula da "p" da "f", domin "pan" da "fan", "pull" da "full" kalmomi ne daban. Sannan kamar yadda tsawon wasali ke raba garin da ake zama da garin da ake tuwo, haka wurin da aka danna murya ke raba "record" suna da "record" aikatau: a suna gaɓar farko ake dannawa, a aikatau ta biyu. Shirin BBC na 6 Minute English yana da amfani a nan, gajere ne, kuma yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa. Ka saurara sau ɗaya ba ka kallo, sau ɗaya kana bin rubutun, sannan ka maimaita bayansu da murya.

Sai ka yi magana. Na san yadda ake yi wa mutum dariya in Turancinsa ya karye, na san ɗalibai da yawa da wannan dariyar ta rufe wa baki har suka gama makaranta, kuma wannan asara ce da ke ba ni takaici. Ka sami aboki ɗaya mai irin burinka, ku ware minti goma sha biyar kullum, kowa ya ba da labarin yininsa yana saka kalmomin makon. Ka rubuta 'yan layuka biyar kafin ka kwanta. In malaminka ya ja jan biro, ka bi shi ka tambaye shi me ya kamata ya zauna a wurin, ka rubuta gyaran a matsayin guntun magana, ka sa shi cikin na maimaici.

Akwai abu ɗaya da zai iya rikita ka, gara ka san shi tun yanzu. Turancin da kake ji a kasuwa da ofis da rediyon Nijeriya yana da nasa kalmomi da ma'anoni, kuma ba shara ba ne. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Nijeriya 29, cikinsu har da "okada", "danfo", "next tomorrow", "send-forth" da "Kannywood". Ya kuma rubuta yadda muke amfani da "severally" da nufin sau da yawa. Amma ƙamus ɗin ya sa musu alamar cewa na Nijeriya ne, kuma masu duba takardun WAEC da NECO da masu shirya tambayoyin JAMB daidaitaccen Turanci suke bi. A can "severally" na nufin kowa daban-daban, sau da yawa kuwa "several times" ne. Jibi "the day after tomorrow" ne, walimar sallama "send-off". Saboda haka a shafin kowace irin wannan kalma ka ja layi a tsakiya, ka rubuta ta gida a hagu, ta jarrabawa a dama, kowace da jimlarta.